Ɗaukar Masu Aikin Sa-kai a Ajin Ƙananan Yara da Tantance Su: Tambayoyi da Amsoshi ga Kwamitocin Makarantun Karkara a Kano da Jigawa

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin shugabannin makarantun firamare, 'yan kwamitin jama'a mai kula da makaranta, wato SBMC, da shugabannin ƙungiyoyin iyaye mata a ƙauyukan Kano da Jigawa, a duk lokacin da aka buɗe ajin ƙananan yara amma aka rasa isassun malaman da za su riƙe shi. An faro daga masu sauƙi zuwa masu nauyi, kuma inda wata amsa ta jingina da wata an yi nuni da hakan.

Wane aji ake nufi, kuma me ya sa sai an nemi masu aikin sa-kai?

Ana nufin ajin yara 'yan shekara uku zuwa biyar, wanda wasu ke kira ajin raino, wasu kuma ajin share fage, ko yana cikin harabar makarantar firamare, ko a zauren wani gida, ko a rumfar da jama'a suka kafa. Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara da ilimantar da su cikin ilimin tushe, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa, a bugunta na 2013, ta ware shekara guda ta share fage kafin yaro ya shiga aji ɗaya, ta kuma tanadi malami ɗaya ga yara 25.

Wanda ya taɓa leƙa irin wannan aji a karkara ya san cewa abin da ke rubuce daban, abin da ke ƙasa daban. Sau da yawa malama ɗaya ce a gaban yara da suka cika tabarmi, wasunsu ma da ƙannensu a goye. Ɗan shekara huɗu ba ya zama wuri ɗaya, yana buƙatar a raka shi bayan gida, a wanke masa hannu, a rarrashe shi idan ya fashe da kuka, kuma da zarar malamar ta fita da yaro guda, sauran sun zama babu mai kallonsu. Wannan giɓin ne mai aikin sa-kai ke cikewa. Mataimakiya ce ga malamar da hukuma ta turo, ba madadinta ba.

Wa ke da hurumin ɗaukar su?

A makarantar gwamnati bai kamata hedimasta shi kaɗai ya ɗauki kowa ba, ba don ana zarginsa ba, sai don nauyin ya fi ƙarfin mutum ɗaya da ke zaune cikin jama'a ana gaisawa da shi safe da yamma. Aikin na kwamitin SBMC ne, wanda dama ya ƙunshi hedimasta, wakilin masu sarauta, malamin addini, da wakilan iyaye da na mata. Abin da ya fi dacewa shi ne kwamitin ya fitar da ƙaramin kwamitin tantancewa na mutum biyar, aƙalla biyu daga ciki mata, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban maza ba, kuma labarin halin mace a cikin gida a wurin mata yake. Duk wanda 'yarsa, matarsa, ƙanwarsa ko surukarsa ke cikin masu nema, sai ya tashi daga zaman a lokacin da za a tattauna sunanta.

Bayan an kammala, a rubuta sunayen waɗanda aka ɗauka a kai wa Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, tunda ta ofishinsa ne makaranta ke haɗuwa da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Idan ajin na Islamiyya ne ko na ƙungiyar ci gaban gari, kwamitin makarantar ne zai yi wannan aiki, a kuma sanar da dagaci a rubuce.

A ina za mu samo su?

Kusan kowane ƙauye yana da mutanen, sai dai ba a nemansu ta hanyar da za su ji. Akwai 'yan matan da suka gama sakandare suna zaune a gida, akwai masu takardar shaidar malanta ta NCE daga Kwalejin Ilimi ta Gumel ko ta Bichi da ba su sami aiki ba, akwai malaman Islamiyyar matan aure da ba su da karatu da safe, akwai zawarawa da dattijan mata da suka gama rainon nasu, akwai kuma malaman firamare da suka yi ritaya. Matan da suka yi aikin wayar da kai gida-gida a lokacin yaƙi da cutar shan inna, ko masu rabon maganin zazzaɓin cizon sauro na damina, sun cancanci a fara tuntuɓarsu, domin sun san gidaje, sun saba da cike takarda, kuma iyaye mata sun riga sun saba da su.

Sanarwa kuwa a yi ta a fili: liman ya faɗa bayan sallar Juma'a, a faɗa a Islamiyyar mata, mai shela ya zagaya, a kuma aika wa rugage da ƙauyukan da ke turo yaransu makarantar. Idan akwai 'ya'yan Fulani a ajin, samun mai jin Fulatanci ko da mutum ɗaya ne yana sauya zaman yaran gaba ɗaya. Sanarwar da aka yi a fili ita ce kuma ke kare kwamiti daga zargin cewa ya zaɓi nasa, kamar yadda za a gani a amsar da ta shafi masu kawo 'yan'uwansu.

Dole ne sai mai takardar NCE?

A'a. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar zama malami a Najeriya, kuma hukumar TRCN ce ke yi wa malamai rajista, amma wannan ya shafi wanda zai riƙe aji a matsayin malami. Mataimakiya ta sa-kai abin da ake nema a wurinta shi ne haƙuri, tsafta, zuwa a kan lokaci, iya magana da yaro cikin taushi, da iya karanta Hausa gwargwadon kiran rajista. Dattijuwar da ba ta yi boko ba amma ta iya tatsuniya, kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa tana da gurbi a ajin, matuƙar an haɗa ta da mai iya rubutu. A ganina kwamitoci da yawa suna ba takarda muhimmancin da ya wuce kima, suna kuma yin sakaci da tambayar da ta fi ta nauyi, wato yadda mutum ke yi idan yaro ya ɓata masa rai.

Mata kaɗai za a ɗauka, ko maza ma suna iya yi? Ƙananan 'yan mata fa?

Iyaye a karkara sun fi sakin jiki da mace a wannan aji, musamman saboda raka yara bayan gida da yi musu tsarki, kuma ya dace a girmama hakan. Namiji na iya taimakawa da wasannin fili, gyaran rumfa, ɗebo ruwa, rakiyar yara a hanya ko tsaron ƙofa, amma shi ma sai ya bi ta tantancewa, har da mai gadi da mai sayar da abinci a harabar. Kada a ɗauka cewa kasancewar mutum mace ya wadatar. Duka, zagi, tsoratarwa da sakaci duk suna faruwa a hannun mata kamar yadda suke faruwa a hannun maza.

Wadda ba ta kai shekara 18 ba kada a ɗauke ta a matsayin mai aikin sa-kai, kuma kada a riƙa cire 'yan aji biyar ko shida daga darasinsu don su yi raino.

Tunda a ƙauye kowa ya san kowa, mene ne amfanin bincike?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma mafi yawan masu yin ta da zuciya ɗaya suke yi. Gaskiya ne an san asalin mutum, an san gidansu, an san sahun da yake tsayawa a masallaci. Amma abin da aka sani a zaure ba shi ne abin da aka sani a cikin gida ba, kuma abin da mutum biyu ko uku suka sani game da wani, kunya da kara da zumunci kan hana su faɗa har sai an je an tambaye su a keɓe. Sau da yawa bayan ɓarna ta auku ne ake jin wani yana cewa dama ya taɓa ganin alama. Bincike ba wani abu ba ne illa buɗe wa irin wannan mutum ƙofar yin magana tun kafin a miƙa yaran.

Binciken cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya sun fuskanci wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata. Ya kuma nuna cewa galibin masu aikatawa mutane ne da yaran suka sani. Mutanen Kano ba su manta da yarinya 'yar shekara biyar da mai makarantarsu ya sace a ƙarshen 2021 ya kuma kashe ta ba, wanda kotu ta yanke wa hukuncin kisa a watan Yuli na 2022. Ba baƙo ba ne a wurin yarinyar, kuma da wannan sabon ne ya same ta.

Hanyar da za a yi bincike ba tare da an ci fuskar kowa ba ita ce a mayar da shi ƙa'ida a kan kowa da kowa. Idan 'yar dagaci da matar liman sun cike fom ɗin da kowa ya cike, sun kawo masu shaida kamar yadda kowa ya kawo, babu wanda zai ce an raina shi. Ranar da aka ɗage wa mutum ɗaya saboda girman gidansu, daga ranar duk wanda aka bincika zai ɗauka zarginsa ake yi.

To, ta yaya ake tantancewar?

Ana farawa da fom mai shafi ɗaya da Hausa, ɗauke da suna, unguwa, shekaru, karatun da aka yi, wuraren da mutum ya taɓa aiki da yara da dalilin barinsa, da sunayen mutum biyu da za su yi masa shaida. A haɗa da hoto da kwafin katin shaida, ko na NIN ko katin zaɓe, kuma a dubi na asalin da ido. Daga nan mutum biyu daga kwamiti su je wurin masu shaidar da ƙafarsu, sannan a kira mai neman a gana da shi, sannan a ba shi gwaji a cikin aji a gaban malama da wata uwa daga kwamiti. Wanda ya yi nasara a waɗannan matakai sai ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan ƙa'idojin aiki da aka yi bayaninsu a ƙasa, ya fara zangon karatu guda na gwaji.

Gwajin cikin aji ya fi ganawa tona hali. A ba shi rabin sa'a ya yi wa yara tatsuniya ko ya jagoranci wanke hannu, a lura ko yana durƙusawa daidai tsayin yaro idan zai yi masa magana, ko yana kula da yaron da ya raɓe a lungu bai ce komai ba, ko muryarsa na tashi da zarar hayaniya ta yi yawa, ko hannunsa na neman tsumagiya. Duk wannan ba ya cin fiye da mako biyu, kuma ba ya cin kuɗi in ban da na hoto da kwafin takarda.

Su wa ya kamata su yi shaida, kuma me za a tambaye su?

Kada mai shaida ya kasance uba, miji, wa ko ƙane. Ɗaya ya zama mai unguwa, liman ko tsohon malamin mai neman, ɗayan kuma ya zama wanda ya taɓa ganin mu'amalarsa da yara kusa da kusa, kamar maƙwabciya ko shugabar Islamiyyar da ya koyar. Takardar da mai unguwa ya buga wa hatimi tana da amfani, amma ba ta maye gurbin zuwa a zauna da shi, domin da wuya mai unguwa ya ƙi sa wa talakansa hannu, alhali a keɓe zai iya cewa a dakata.

Idan aka tambayi mutum ko wance mutuniyar kirki ce, amsar da za a samu ita ce babu laifi. Tambayoyin da ke fitar da gaskiya su ne: tun yaushe kuka san ta, yaya take yi idan yaro ya yi mata ɓarna, an taɓa kawo ƙararta a kan wani yaro, akwai shaye-shaye a tattare da ita ko da masu shiga gidan, sannan a rufe da cewa, za ki bar mata jikanki tun safe har azahar ba tare da kin damu ba? Jinkiri wajen amsa wannan tambayar ta ƙarshe, ko kauce mata da addu'a, shi ma amsa ne, kuma ya isa a ƙara neman mutum na uku. A tabbatar wa mai shaida cewa abin da ya faɗa ba zai fita daga kwamiti ba, a kuma cika wannan alkawari.

A ganawa da mai neman kansa, a tambaye shi dalilin da ya sa yake son aikin, abin da zai yi idan yaro ya yi fitsari a tabarma, da abin da zai yi idan ya ga abokin aikinsa yana dukan yaro. Wanda ya ce zai yi shiru don kada ya shiga abin da ba ruwansa, ba a shirya shi ga aikin ba tukuna.

Shin sai an nemi takardar shaidar hali daga 'yan sanda?

Rundunar 'yan sanda tana bayar da irin wannan takarda, ana nemanta ta intanet, ana biyan kuɗi, ana kuma ɗaukar zanen yatsu, abin da ya yi wa mai aikin kyauta a ƙauye nauyi. Haka nan tun watan Nuwamba na 2019 akwai rajistar ƙasa ta waɗanda aka samu da laifin fyaɗe da makamantansa, wadda hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP ke kula da ita, kuma wanda ke da waya mai intanet a cikin kwamiti zai iya dubawa. Sai dai duka biyun suna nuna abin da ya kai gaban hukuma ne kawai, alhali mafi yawan irin waɗannan laifuka a karkara ana kashe maganarsu a zaure. Rashin ganin sunan mutum a rajista ba wanke shi ba ne. Inda wata ƙungiya mai ɗaukar nauyin ajin ta shardanta takardar, ita ya kamata ta biya kuɗinta.

Baƙo fa, ko amaryar da aka kawo daga wani gari?

Ana ɗaukarsu, amma shaidarsu daga inda suka fito za a nemo ta, ba daga inda suka sauka ba. A tuntuɓi mai unguwar garin da suka baro da shugaban makarantar da suka ce sun koyar, da lambar wayar da kwamiti ya samo da kansa, ba wadda mai neman ya bayar kaɗai ba. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin kwaleji mai koyon aikin koyarwa ya nuna takardar da aka turo shi da ita. Mutumin da ya yi ta sauya gari ko makaranta kuma ya kasa bayyana dalili, a dakata da shi har sai an gamsu.

Akwai buƙatar gwajin lafiya?

Abin da ake gudu shi ne cutar da ke yaɗuwa cikin yara. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je asibiti a gwada shi don tarin fuka, wanda gwajinsa da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati da aka ware. Bayan annobar mashaƙo da ta yi tsanani a Kano a 2023, ya zama dole duk mai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ya zauna a gida har ya ga ma'aikacin lafiya, haka ma mai ƙuraje ko gudawa. Amma nakasa ba dalilin ƙin mutum ba ce, kuma dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wa mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV bambanci a wurin aiki, don haka kwamiti ba shi da hurumin tilasta wannan gwaji.

Idan dagaci, kansila ko wani mai faɗa-a-ji ya kawo nasa fa? Kuma yaya ake ƙin mutum ba tare da rigima ba?

A karɓe shi hannu bibbiyu, a ba shi fom. Hikimar ita ce tun kafin a fara sanarwa kwamiti ya je ya karanta wa dagaci ƙa'idojin, ya nemi ya sa musu albarka a gaban jama'a, domin wanda ya amince da ƙa'ida a fili zai ji nauyin karya ta daga baya. Mafi yawan masu sarauta, idan aka nuna musu cewa maganar amanar jikokinsu ce, su ne ke zama garkuwar kwamiti.

Wanda ba a ɗauka ba, mutum biyu su same shi a keɓe su gode masa, su ce masa a wannan karon kwamiti bai zaɓe shi ba. Ba dole ba ne a faɗi dalili, kuma haramun ne a faɗi wanda ya ba da labari. Idan matsalar rashin dacewa da ƙananan yara ce kawai, kamar saurin fushi, ana iya ba shi wani aikin da ba na zama da yara ba. Idan kuwa abin da aka ji ya shafi taɓa yara ne, kada a ba shi kowane aiki a harabar, a kuma duba amsar da ta shafi zargi.

Me ya sa suke farawa da zafi sannan su daina zuwa?

Galibi saboda ba a yi maganar lokaci da izini tun farko ba. Matar aure a nemi yardar mijinta a fili kafin ta fara, budurwa kuma ta mahaifinta ko waliyyinta, zai fi kyau wakilin kwamiti ya je da kansa, domin yardar da aka bayar a gaban mutane ta fi wuyar janyewa. Sannan a tsara aiki daidai da rayuwar gari: da damina da kaka hannu na gona, a yankin Kura da Auyo noman rani ma yana ɗauke mutane, ranar Alhamis mutanen kewayen Maigatari suna kasuwa, ranar Juma'a kuma na Wudil. A garuruwan bakin kogin Haɗeja, inda ambaliya kan yanke hanya, a samu mai aiki daga kowane ɓangare na ruwan. Mutum shida da ke karɓa-karɓa, kowa kwana biyu a mako, sun fi mutum biyu da ake sa ran gani kullum dorewa.

Ana biyansu wani abu? Za a iya yi musu alkawarin aikin gwamnati?

Aikin sa-kai ba shi da albashi, amma bai dace a bar mace ta bar sana'arta ta ƙuli-ƙuli ko ɗinki tun safe har azahar ba tare da ko kuɗin sabulu ba. Kwamiti ya yanke abin da zai iya bayarwa a kowane wata ba fashi, ko kuɗi ne ko hatsi da kaka, ya faɗa tun farko, ya rubuta, ya bayar a gaban shaida. Kaɗan mai zuwa a kan lokaci ya fi mai yawa da ake bin bashi. Kada a bar mai aikin ya karɓi komai kai tsaye daga hannun iyaye, domin daga nan ne fifita wasu yara ke farawa.

Alkawarin aiki kuwa kada a yi shi, domin ba a hannun kwamiti yake ba. Ɗaukar malamai aikin gwamnati ne, kuma shirye-shiryen ba matasa aiki irin su N-Power na tarayya da J-Teach na Jigawa da nasu hanyoyin nema suka zo. Abin da kwamiti ke iya yi shi ne ba da takardar shaidar hidima mai sa hannun hedimasta, sanar da su idan an buɗe ɗaukar aiki, da ƙarfafa masu takardar sakandare su nemi NCE ta karatu daga nesa na Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da ke Kaduna.

Bayan an ɗauke su, waɗanne ƙa'idoji za su bi?

Babu binciken da ke gano komai, shi ya sa tsarin aiki na yau da kullum ya fi tantancewar farko kare yara, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babbar ƙa'ida ita ce kada babba ɗaya ya keɓe da yaro inda ba a ganinsu. Ƙofa da tagogin aji su kasance a buɗe, manya biyu su kasance a wurin, raka yaro bayan gida kuma mace ce za ta yi, da sanin abokiyar aikinta. Ba a kai yaro gidan mai aiki, ba a aikensa, ba a ɗora masa talla, ba a ba shi kyauta a ɓoye, ba a ɗaukar hotonsa a saka a Facebook ko WhatsApp ba da izinin iyayensa ba. Babu duka, babu kamun kunne, babu tsoratarwa da dodo ko kulle yaro a ɗaki.

Lokacin tashi ma yana buƙatar tsari. A rubuta sunan wanda ke ɗaukar kowane yaro, ko yayarsa ce ko maƙwabci, kuma duk wanda ya zo da cewa an aiko shi alhali ba sunansa a rubuce, kada a ba shi yaron sai an ji daga iyaye. A karanta waɗannan ƙa'idoji a taron iyaye, a kuma gaya wa uwaye cewa suna da damar leƙowa ajin a kowane lokaci ba tare da sanarwa ba. Ƙa'idojin suna kare mai aikin na kirki ma, tunda wanda bai taɓa keɓewa da yaro ba yana da shaida idan aka yi masa ƙazafi.

Idan yaro ko uwa suka kawo zargi, me za a yi?

A dakatar da wanda ake zargi daga shiga harabar nan take, a kuma bayyana masa cewa dakatarwa ba hukunci ba ce. A saurari yaron cikin natsuwa, kada a yi masa tsawa ko a sa masa magana a baki, kada a haɗa shi fuska da fuska da wanda yake zargi, a rubuta abin da ya faɗa yadda ya faɗe shi tare da kwanan wata. Idan zargin na lalata ne ko akwai rauni, a kai shi asibiti a ranar, domin maganin kariya daga HIV cikin sa'o'i 72 yake aiki. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala Muhammad, a Jigawa kuma akwai irinta a Babban Asibitin Dutse. A sanar da 'yan sanda, Sakataren Ilimi da sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Jigawa ta sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane da dokar kare yara a 2021, Kano kuma ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a watan Mayu na 2023, don haka irin wannan laifi ba na sulhu a zaure ba ne. Abin da ya fi kowane muni shi ne a sallami mutum a asirce don rufin asiri, ya koma ƙauyen gaba ya nemi irin aikin. Asirin da ya wajaba a rufa shi ne na yaron: sunansa kada ya fita. Idan kuma bincike ya wanke wanda aka zarga, kwamiti ya faɗa a fili a gaban waɗanda suka ji zargin.

Wane horo suke buƙata, kuma tantancewar sau ɗaya ce?

Kafin su fara, a ba su aƙalla yini biyu tare da malamar ajin da ma'aikacin lafiya na asibitin gari: ƙa'idojin da ke sama, wanke hannu da sabulu, haɗa ruwan gishiri da sukari, gane alamun tamowa da zazzaɓi mai tsanani, da yadda ake koyar da ƙirga da launi da tsakuwa, kara da murafun kwalba. Duk horon da SUBEB ko wata ƙungiya ta kawo wa malaman ajin, hedimasta ya nemi a saka su ciki.

A ƙarshen zangon gwaji kwamiti ya zauna ya ji ta bakin malama da na iyaye mata kafin ya tabbatar da mutum, sannan a maimaita wannan zama a farkon kowace shekarar karatu, a sake sa hannu a kan ƙa'idoji. Fom-fom da bayanan masu shaida a ajiye su a akwati mai makulli a ofishin hedimasta, a miƙa wa wanda ya gaje shi idan an yi masa canjin wurin aiki. Wanda ya bar aikin saboda aure, ƙaura ko karatu, a rubuta ranar da dalilin, domin idan wata makaranta ta zo neman shaida a kansa a sami abin da za a nuna mata.